Ranar da na goge imel ɗin wani dattijo

A lokacin da abin nan ya faru ina da ƙaramin shagon kwamfuta a Kaura Namoda, ina buga takardu da cike wa mutane fom. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma an san ni da tsari, kuma ina taƙama da hakan. Kowace Juma'a da safe ina da ƙa'ida: in share shago, in goge na'ura, sannan in buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet, in duba imel ɗin mutane da ke ajiye a ciki. Yawancin masu zuwa wurina ba su da babbar waya, ni nake buɗe musu, kwamfutar ta riƙe kalmar sirrinsu. Duk wanda na ga shigarsa ta ƙare, mai shi kuma ya daɗe bai zo ba, sai in cire shi tare da kalmar sirrin. Ban taɓa tambayar kowa ba.

Cikin waɗanda na cire akwai na wani dattijo manomi daga Dauran. Shekara guda kafin nan ya kawo takardar gonarsa mai sa hannun shaidu, na ɗauki hotonta na adana masa a imel. Bayan ruwan farko sai ga shi ya shigo, ya rame. Ya ce ɓarayin daji sun ƙone gidansa, takardar da wayarsa duk sun tafi, yanzu kuma 'ya'yan marigayi wansa sun ce gonar ta ubansu ce. Ranar Litinin za a zauna gaban hakimi. Ya ce in fitar masa da ajiyarsa. Na duba, na sake dubawa, babu imel ɗinsa. Da na gaya masa gaskiya, bai yi faɗa ba. Ya kira ni ɗansa, ya ce ashe na yi masa jana'iza yana da ransa, ko sallar ban gayyace shi ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kalmar sirri bai taɓa saninta ba, ni ma na manta. Da na nemi sabunta ta, shafin imel ɗin ya ce zai aika lambar tabbatarwa zuwa layinsa da ya ƙone, ko wani layi da ya nuna ƙarshensa kawai. Kwana biyu muna neman mai wannan layi. Matarsa ce ta gane na 'yarsu ne da ke aure a wani ƙauye kusa da Shinkafi. Inda take babu sabis sai an hau tudu, shi ya sa sau biyu wa'adin lambar yana ƙarewa kafin ta karanto mana. A karo na uku imel ya buɗe. Na buga takardar kwafi uku, na rufe shago ranar Litinin na raka shi. Shaidu biyu suna raye, suka gane sa hannunsu, hakimi ya tabbatar masa da gonarsa. Ya shuka geronsa a wannan damina, yanzu kuma duk zuwansa Kaura sai ya leƙo ya tambaye ni ko yana nan da rai a cikin na'ura.

Abin da na koya shi ne, shiga ce take ƙarewa, abin da mutum ya ba ka amana yana nan. Masu shago irina, kafin ku cire imel ɗin kowa, ku fara neman mai shi, ku tabbatar ya riƙe kalmar sirrinsa, ku gwada layinsa yana aiki, sannan ku cire. Ku kuma masu kawo ajiya, ku tambayi mabuɗinku, wato kalmar sirrinku, ku tafi da shi. Ni Allah Ya rufa mini asiri da layin 'yar mutumin nan, ba kowa ne ke da 'ya a kan tudu ba.