Mariƙin Bawul ɗin Kewaye

Da asuba, bayan ya idar da sallah, Sannu-Sannu yana zaune a bakin gado yana ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Matarsa ta miƙo masa shayi ta ce, "Malam, tabaran nan ya gaji da kai, kai ma ka gaji da shi."

"Zai kai ni yau," ya ce.

Shekara ashirin da shida ke nan yana tayar da injin matsa gas a wata tasha da ke bayan gari. A wajen aikin ya sami laƙabinsa. Injin mai fistin ne, ba a tayar da shi da kaya a ka. Sai an buɗe bawul ɗin kewaye, gas ɗin da ya fita ya zagayo ya koma mashiga, injin ya yi ta juyi har ya ɗumama, sannan a riƙa rufewa kaɗan-kaɗan. In aka tayar da shi bawul na rufe, gas ya rasa hanya, ƙarfe ne zai karye, wataƙila har da wanda ke tsaye kusa. Bai taɓa iya bayyana wannan da baki ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Tsaya ka gani."

Amma ido ya fara cin amanarsa. A watan jiya ya karanta allurar geji, agogon da ke auna ƙarfin gas, ba daidai ba, ya tsayar da aiki awa guda a banza. Injiniyar tashar, wadda sa'ar 'yarsa ta fari ce, ta gaya masa cikin ladabi cewa in aka sake, sito za a mayar da shi ya riƙa lura da kayan gyara. Shi kuwa sito a wurinsa ɗakin jiran mutuwa ne.

A ranar nan an gama wa injin babban gyara, masana'antu na jiran gas. Ya duba mai, ya tsiyaye ruwan da ya taru a tukwanen injin, ya zo kan bawul ɗin kewaye. Mariƙin yana kwance a tsawon bututu, wato a buɗe yake. Ya ɗaga kai ga geji biyu, na mashiga da na mafita. In bawul a buɗe yake, allurorin a wuri ɗaya suke tsayawa. Yau ɗaya tana sama, ɗaya tana ƙasa.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Haka dai. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Allura ba ta motsa ba. To wa ke ƙarya, mariƙi ko geji ko idonsa?

"Baba, muna jiranka," in ji Injiniya.

"Allurorin nan ba su daidaita ba, ranki ya daɗe."

"Gejin nan tsoho ne, yana maƙalewa. Dubi mariƙin."

Bakaniken da ya haɗa bawul ɗin ƙanin matarsa ne, Sannu-Sannu ne ma ya samo masa aikin. Ya taso yana goge hannu da tsumma yana dariya. "Yaya, allura nawa kake gani yau, biyu ko huɗu? Da hannuna na ɗaura shi. Danna mana, rana na yi."

Sannu-Sannu ya kai yatsa kan maɓallin tayar da injin. A watan jiya ma haka ya ji a ransa, kuma ya yi kuskure. Ya dubi mariƙi, ya dubi geji, ya sake duban mariƙi, kansa ya ƙara ɗaurewa. Sai ya janye hannunsa.

"Ba ni sufana."

"Baba, ka tuna maganarmu," in ji Injiniya a hankali.

"Na tuna."

Ya kwance notin da ke riƙe da mariƙin, ya zare mariƙin. A kan sandar bawul akwai wata tsaga da ke nuna inda ramin ciki ya fuskanta. Bai yarda da idonsa ba, ya sa farcen babban yatsa ya shafa. Tsagar ta gitta bututu. Bawul a rufe yake ruf, mariƙin ne aka ɗaura a karkace.

Dariyar bakanike ta ɗauke. "Yaya, wallahi ni..."

"Riƙe min notin."

Injiniya ta sunkuya ta shafa tsagar da kanta, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannu-Sannu ya mayar da mariƙin daidai, ya buɗe bawul ɗin, allurorin suka taho suka haɗu. Da ya danna, injin ya tashi ba gargada. Ta ce, "Gobe ka je a auna maka sabon tabarau. Ka dawo nan, ba sito ba."

A hanyar gida bai yi murna ba. Abin da ya dame shi, shekara ashirin da shida yana gaskata mariƙi, bai taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba. Sau nawa ke nan Allah ne kawai ya kiyaye? Bai sani ba, kuma babu wanda zai tambaya.

Ni da muka yi aiki tare a tashar, ganina da shi na ƙarshe, yana tsugune gaban bawul ɗin da sabon tabarau a fuska, ya zare mariƙin, amma idonsa a rufe, yana shafa tsagar da farce.