Zoben Makullan Baba

Yau shekara bakwai cif da rasuwar mahaifinmu, Alhaji Mamuda mai injin casar shinkafa a Gaya. Allah Ya jiƙansa da rahama. Har yanzu in na ji kacau-kacau ɗin makullai sai na waiga. Makulli tara ne a zobe ɗaya cikin aljihun Baba: na ɗakin inji, na sito, har da na ɗakin mai. Ba a tayar da inji sai ya zo. Ran da ya tafi ɗaurin aure Ajingi kuwa, leburori sai su shimfiɗa buhu su sha barcinsu.

A zamaninsa abin ya tafi daidai, don inji ɗaya ne, shi kuma bai san gajiya ba. Da ya rasu sai muka damƙa wa babban wanmu, Yaya Sani, zoben dungurungum, wai ladabi. To, Yaya manomi ne, gonarsa tana Kademi. Injuna suka zama uku, ma'aikata suka ƙaru, amma kowa na zaune yana jiran aljihu ɗaya ya dawo daga gona. Manoman Gafasa su kawo shinkafa da sassafe, su gaji da jira, su sake lodi su wuce wani wurin. Wallahi raina ya sha ɓaci.

Bara, Malam Jauro, wanda ya shekara ashirin yana sarrafa injin, ya same ni ya ce, "Hajiya Rabi, na san kukan injin nan kamar na 'ya'yana, amma kullum sai an buɗe mini ƙofa kamar baƙo. Bayan kaka zan tafi." Kowa ya san in Jauro ya tafi, wurin ya durƙushe ke nan.

Na tara 'yan'uwa na ce a raba aiki. Inji na Jauro, sito na ƙanwarmu Binta, hulɗa da manoma ta Yaya, tunda suna jin maganarsa. Kowa da makullinsa, in abu ya lalace a san wanda za a tambaya. Yaya ya ce, "Ke Rabi, makullin Baba za ki ba bare?" Na ce, "Yaya, inji Baba ya bar mana mu ciyar da mutane, ba zoben ƙarfe ba." Wata biyu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Ban fasa ba.

Da Baba zai ga wannan, me zai ce? Na san hali. Zai yi faɗa, ya kira ni mai taurin kai, ya manta wajen wa na gado. Amma shi ɗin ne ba ya iya cin abinci in manomi na tsaye a rana da buhu a ƙofarsa. Wannan halin nasa shi na ƙi yarda mu binne.

Ran da Yaya ya sauko, da hannunsa ya zare makullan ɗaya bayan ɗaya. Jauro ya karɓi nasa da hannu biyu. Zoben da ya rage wayam, Yaya ya jefo mini ya ce, "Ungo gadonki, sarkin rigima."

Zoben yana nan rataye a ƙusa a ofis. Da safiyar nan, tun daga bakin titi na jiyo ƙugin inji, alhali cikin 'ya'yan Alhaji Mamuda babu wanda ya riga ni isowa.