Tun Yaushe Ya Daina Amsa Ka?

A shekarata ta takwas a New York ina zaune ni kaɗai a ɗaki da falo a Tompkinsville. Matata ta rasu, ɗana tilo kuma yana jami'a a wani gari da ke arewa, tafiyar awa huɗu a mota. Rabona da jin muryarsa wata huɗu ke nan. Ya bar karatun injiniya ya koma wani fanni ba da shawarata ba, ni kuma cikin fushi na ce kada ya sake kirana sai ya dawo hayyacinsa. Ya yi mini biyayya fiye da yadda na nufa. Da na huce na yi ta kira, wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Kowace Juma'a nakan ƙudurta cewa gobe zan je in same shi, kowace Asabar kuma motata takan ba ni dalilin fasawa. Tsohuwa ce, na saye ta a hannun wani abokin aiki da aka mayar gida. Injinta yana da na'urar da kanikawa ke kira sufacaja: bel ne ke juya ta, ita kuma tana cusa wa inji iska da ƙarfi domin ya ƙara ja. A gaban direba akwai ɗan agogo mai nuna matsin iskar. A da, in na taka totur allurar kan zabura ta wuce rabi. A kakar nan sai ta koma ɗagawa da ƙyar, motar kuma tana hawa tudun unguwarmu kamar an ɗaura mata kaya. Ba ta mutuwa, ba ta hayaƙi. Ƙarfi kawai ta rasa. Nakan ce wa kaina mai hankali ba ya hawa babbar hanya da irin wannan mota. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya hana ni kai ta gyara ba, ko abin da ya hana ni shiga bas.

Daga ƙarshe na kai ta wani gareji a Stapleton. Mai garejin dattijo ne daga Zangon Kumasi, mukan haɗu a masallaci, iyakarmu gaisuwa. Hausarsa irin ta can ce, wadda ba ruwanta da namiji da mace: mota “ya”, mata “ya”. Ina jin kunyar faɗa, amma duk lokacin da yake magana nakan riƙa gyara masa nahawu a zuci.

“Malam, ina gida? Ina yaro?”

“Lafiya lau, Alhaji.”

Ya buɗe murfin inji, ya ce iska ɗayan biyu ne: ko ba a turo shi yadda ya kamata, ko ana turo shi yana zurarewa a hanya. Ya fara da bel, ya danna shi da babban yatsa, ya shafa cikinsa ko ya yi santsi. Bel garau. Ya ciro matatar iska ya ɗaga ta sama, haske na ratsa ta. Sai ya sunkuya kan wani ɗan bawul wanda, in ya maƙale a buɗe, iskar ke kewayewa ba ta shiga inji. Kansa na ƙasa ya yi tambaya.

“Tun yaushe ya daina amsa ka?”

“Wata huɗu,” na ce. “Ina kira, ba ya ɗauka.”

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

“Motan nake tambaya, Malam.”

Da Bakano ne ya yi tambayar, “ta” zai ce, in ba shi amsar mota, mu wuce wurin. Na ce mako shida ne, wataƙila bakwai. Bai yi dariya ba. Ya tura sandar bawul ɗin da yatsa, ta tafi ta dawo.

“Wannan ma lafiyansa lau. Ku masu boko, in abu ya lalace sai ku zargi babba. Sufacaja bai yi laifi ba tukuna.”

Ya jawo wata na'ura mai fitar da hayaƙi, ya toshe bakin bututun iska, ya cika shi da hayaƙin. Muka zuba ido. Can sai wani farin zaren hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin wani tiyon roba, daidai inda zoben ƙarfe ya ɗaure shi. Ya kwance tiyon ya lanƙwasa mini. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba, in ya saki kuma sai ta rufe ruf, ido ba ya ganinta. Sai an matsa mata take buɗewa.

Yana da irinsa a ajiye. Kafin La'asar ya ɗaura, muka hau tudu tare, allura ta zabura. Da zan tafi ya dafa ƙofar motar.

“Nisan wurin nawa ne?”

“Awa huɗu.”

“Zai kai ka. Motan nake nufi.”

Asabar na kama hanya da hantsi. Duk tsawon tafiyar ina shirya jawabi, ina sauya kalmomi, ina neman yadda zan janye maganata ba tare da na ce na yi kuskure ba. Da ɗana ya buɗe ƙofa, ya rame, ya tara gemu, sai jawabin ya ɓace. Na ce masa da Hausa ni ne na yi laifi. Ya amsa da Turanci cewa yana da wurin zuwa nan da awa guda. Muka zauna awa gudan nan, shi a bakin gado, ni a kujerar karatunsa. Ya haɗa mini shayi ba tare da ya tambayi yawan sukari ba, ya kuma sa daidai. Ban tambaye shi batun karatu ba. Har yau ban san ko hikima ce ta hana ni ko tsoro ba.

Na dawo Tompkinsville kafin Isha, na ci abinci a tsaye. Bai kira ya ji ko na iso ba. Ran Laraba na kira shi daga ofis. Wayar ta yi ƙara sau shida, ina shirin ajiyewa ya ɗauka.

“Baba, ina cikin aji,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Bari in fito waje.”