Nonon da Inna Ta Daina Sha

Lokacin da abin nan ya faru haihuwata ta fari ce, muna ɗaki ɗaya ni da maigidana a unguwar Briqueterie, bayan layin mahauta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma tsoro gare ni, jariri ya yi atishawa sai in tashi in duba shi. Amma ina da lura. Inna mahaifiyata ta zo daga arewa yi mini wankan jego, tana shigowa na ga ta rage tsawo, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Na ce tsufa ne. Kullum maigida sai ya sayo mata madara da kosam, kindirmon da ake sayarwa a nan, don Bafulatana ce da ta tashi cikin shanu. Takan karɓa ta sa albarka, amma na ga kofin wurin yaran maƙwabta yake ƙarewa. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce in ji da jegona, ita ba yarinya ba ce.

Wata safiya santsi ya ɗan ja ta a bakin famfo, ta dafa bango. Dafawa kawai fa, ba faɗuwa ba, wuyan hannunta ya karye. Matan gidanmu suka ce a kira mai ɗori, wata ma ta ce baki ne. Na ce musu bango ba ya karya hannun mai lafiya. Ban yi arba'in ba na saɓa jaririna, na tare taksi muka nufi asibiti, ana ta yi mini faɗa.

Likitar da Faransanci take magana, wata nas tana fassarawa. Da aka yi hoto ta ce ƙasusuwan Inna sun yi rauni ƙwarai, in ba a kula ba gaba ƙugu ne, kuma tsohuwa ta karye a ƙugu da wuya ta sake takawa kamar da. Ta tambayi abincinta. A nan Inna ta sunkuyar da kai ta ce ta yi shekaru madara tana kumbura mata ciki, iska tana karya mata alwala, har ta taɓa fita daga sahu ana tsakiyar asham. Tun ranar ta bar nono gaba ɗaya, har kindirmo, ba ta gaya wa kowa ba.

Likita ta ce mutane da yawa cikinsu yana daina narkar da madara in sun girma. Ta ce Inna ta gwada kosam kaɗan bayan abinci don ya fi sauƙi a ciki, ta ci ƙananan kifi da ƙayarsu, da zogale, ta riƙa shan hantsi, ta kuma rubuta magani. Inna ta ce ita da kifi sai dai kallo. Na ce to ta zaɓa, ko kifi ko kwanciya. Daka shi nake yi in zuba a miyar kuka, tana ci tana mita. Hannun ya warke, da ƙafarta ta hau jirgin ƙasa ta koma gida.

Abin da ke damuna har yau shi ne na ga alama, na yi tambaya sau ɗaya na haƙura. 'Yan'uwana mata, in tsohuwarku ta bar abincin da ta saba, ko kun ga tana rage tsawo, ku ja ta ɗaki ku biyu ku sake tambaya, ku kai ta asibiti. Iyayenmu sun gwammace ƙashi ya karye da su faɗi abin kunya a gaban 'ya'yansu.