Sunan da Maigidana Ya Kawo Mini Daga Wurin Aikin Dam

Mutum zai iya zagin matarsa kowace safiya, ya kuma zama yana son ta? Shekara biyu ke nan ina juya tambayar nan a raina, wanda zai amsa mini kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Ni tsohuwa ce, ban san baƙi ba, ban san boko ba. Ɗiyata ce ke rubuta muku wannan, ina faɗa tana sa wa takarda.

Ina yarinya aka kawo ni Goronyo daga rugarmu ta wajen Gandi, lokacin da ake tsakiyar gina dam. Maigidana lebura ne a wurin. Sai aka yi dace sunana ɗaya da na mahaifiyarsa, kun kuwa san ɗa mai kunya ba ya kama sunan uwarsa. Wata biyu yana kirana da gyaran murya kawai. Ran nan ya dawo daga aiki fuskarsa a ɗaure, ya zauna bai taɓa tuwo ba, can sai ya dube ni ya ce ya samo mini suna, daga yau ni ce Buladiful. Na tambaye shi mi ke nan. Ya ce Turanci ne, haka Baturen da ke kula da su yake kiran wanda ya fi yarda da shi, shi kansa da shi ake kiransa tun safe har yamma. Na rufe fuska da zane don daɗi. Duk matan unguwa babu mai sunan Turanci sai ni.

Da rana nakan kai masa fura da nono bakin aiki. Tun daga nesa zai ɗaga murya ya kira ni da sunan, in ce na'am, in durƙusa in aje ƙwarya. Abokan aikinsa su yi ta dariya har da buga cinya, suna ce masa ango ya iya kiran amarya. Ni a zatona tsiyar da ake yi wa sababbin aure ce. Da aka gama dam muka koma Wurno, ya kama noman rani, albasa da tafarnuwa, sunan ya biyo mu. Da shi na haifi 'ya'ya bakwai, da shi na binne biyu, da shi na yi furfura.

Da ciwon ajali ya kama shi, mijin ɗiyata, malamin makaranta ne, shi ya tsaya a kanmu. Shi ke kai shi asibiti, shi ke juya shi, shi ya ba albasarsa ruwa har aka cire. Ranar da na fita takaba ya zo gaisuwa da abokansa, suna zaure. Ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba, suruki ne. Amma na ga godiyar saƙo ba ta isa ba. Na tsaya bayan ƙofa, na nemi kalma mafi daraja da na mallaka, na ce Allah Ya yi masa albarka, shi Buladiful ne na gaske. Wani ya yi tari. Na ji surukina ya ce amin a hankali, sai ƙarar takalmansu suna fita.

Ɗiyata ta ja ni ɗaki tana kuka. Ta ce Inna, zagi ne. Wai ma'anarsa wawan banza. Ta yi ta lallashina, tana cewa ƙaramin zagi ne, ba irin na uwa da uba ba, Turawa na faɗinsa in mota ta ƙi tashi ko yaro ya ɓarar da abu, sojoji da direbobi ma sun ɗauka. Na ce mata ni mota ce? Sannan na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun tana aji huɗu. 'Yan'uwanta duk sun sani. Sun ji kunyar babansu, sun ji tausayina, suka yi shiru. Wato a gidan da nake dafa wa abinci, ni kaɗai ce baƙuwa.

Duk da haka na riƙe wata 'yar igiya: ƙila shi ma ruɗinsa aka yi. Na aika aka kira mini wani tsohon amininsa da suka yi aikin dam tare. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana cewa uwargida a bar wa Allah, wasa ne. Na haɗa shi da Allah. Sai ya ce ranar da wani akawu ya fassara wa maigidana kalmar, ya shiga bayan tarin duwatsu ya yi hawaye, don a gaban kowa ake kiransa da ita. A ranar ce ya kawo mini ita gida. Abin da aka ɗora masa ya kasa ɗauka, ya zo ya sauke a kaina, ni kuwa na tara hannu biyu na karɓa ina murna.

Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Bai taɓa cin nama bai rage mini ba. Wannan ne ke hana ni barin kuka, don da mugu ne da na huta. Surukina ya yafe mini tun a ranar. Ni ina yi wa maigida addu'a, amma ban san ko na gama yafe masa ba.

Mata 'yan'uwana, kada ku amsa sunan da ba ku san ma'anarsa ba, ko daga bakin wa ya fito, ku tambayi mutum na biyu. Maza, wulaƙancin da aka yi muku a waje ku bar shi a bakin ƙofa. Ku kuma 'yan boko, shirun da kuke yi wa iyayenku ba tausayi ba ne, gara ku faɗa tun wanda za a tambaya yana da rai.

Da hantsi maigidana ya cika. Dab da cikawarsa na tashi zan ɗebo masa ruwa, ya kama bakin zanena da hannun da babu sauran ƙarfi a cikinsa, ya ce, "Buladiful, kak ki tahi nesa. In na buɗe ido ban gan ki ba, ban san mi za ni yi ba."