Tuwon da Akuya Ta Ci

A shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, kowa a Jega maganarsa sabbin abubuwan da za su zo. Ni abin da ya zo gidana takarda ce.

Ƙanen maigidana direba ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Ikko. In zai dawo, ba ya barin mota ta taho wayam, yakan loda mata duk abin da ya samu, har da ɗaurin tsofaffin mujallu da masu tsire da masu ƙosai ke saye don naɗe kaya. Wata rana ya zaɓo masu sheƙi ya miƙa wa ɗiyata ta fari, ya ce ta gyara Turancinta. Na yi masa godiya. Ni ma na yi sakandare, na san daɗin samun abin karantawa.

Mujallun 'yammata ne. Na buɗe ɗaya na ga wasu dogaye sirara kamar karan dawa, ƙashin wuya a waje. Dariya ma na yi, na ce a raina waɗannan bayin Allah yunwa ta taɓa su. A wurinmu yarinya ramammiya abin kunyar uwarta ce.

Ita kuwa ɗiyata jikin dangin ubanta ta ɗauko, ga cika ga kumatu. In muka je gidan biki, mata su yi ta cewa tubarkalla, ni kuma in kau da kai kamar ban ji ba. Ɗiyar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake cewa, ko "waccan". Ba na yabonta, ba na zura mata ido a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayata, kuma ba wanda ya taɓa cewa rashin so ne. Kunya ce, da ita aka san ɗiyar mutunci.

Da farko azumin Litinin da Alhamis ta soma. Na ji daɗi har na yi wa Allah godiya a ɓoye. Sai kumatun suka fara zubewa. Amma kwanonta kullum yana dawowa a suɗe, don haka na ce shawara ce. Muka yi jiƙo, muka karɓo rubutu. Surukata da ke Andarai ta zo, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Wagga ɗiya mayu sunka kama ta. Ku ba ni ita in an yi hutu." Ta tafi da ita, ta dama mata fura da nonon da ba a tsarma ba. Yarinyar ta dawo zanenta yana zagaye ta har ya yi saura.

Akuyarmu ce ta tona asirin. Ta yi ƙiba har wani mahauci daga unguwar Jega Magaji ya yi ta zarya yana neman a sayar masa. Wata rana bayan azahar na zagaya bayan rumbu ɗebo kara, sai ga ɗiyata a tsugune, tana gutsura tuwonta tana ba akuya a baki. Rigarta ta ɗage, na ga zare ɗaure a ƙugunta, an yi masa ƙulli bayan ƙulli, kowane ya fi na baya matsewa. Na koma da baya a hankali. Ban san da wane baki zan fara ba.

Ubanta na gaya wa. Ya tara mujallun a tsakar gida ya cinna musu wuta, ya yi wa ƙanensa faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ita tana tsaye tana kallon wutar, ko hawaye babu. Abin da ke cikinsu ya riga ya koma cikin kanta. Kuma duk ranar kasuwa, in aka sayo tsire ko ƙosai, ga wani shafin ya shigo mana gida da maiƙo a jikinsa.

Ɗaya daga irin waɗannan shafukan na warware na karanta. Mai rubutun tana kiran mai karatu ƙawarta, tana ce mata kyakkyawa, tana tambayarta abin da ke damunta, sannan ta nuna mata abin da ya kamata ta rage a jikinta. Na daɗe riƙe da takardar. Wata da ba ta taɓa ganin ɗiyata ba tana hira da ita kullum, ni da na haife ta sai "ke, ɗauko tsintsiya".

Na jira ranar kitso, don a nan ina bayanta, ba sai mun haɗa ido ba. Gashinta yana biyo mataji. Na daure na ce, "Ke, Allah ya yi ki da kyau. Yadda kike ɗin nan da can, babu abin da ya rage miki."

Can ta ce, "Mi kinka ce, Inna? Da ni kike?"

Na ce, "Da wa nike, da akuya?"

Ta yi 'yar dariya, ta gyara zama. Ta ce, "Inna, tausaina kike ji. Da gaskiya ce, da kin hwaɗi tun ina da jikin."

Na ci gaba da kitso. Da na gama, na shiga ɗaki na yi alwala da ruwan da ban iya gani sosai ba saboda hawaye.

Ba ta mutu ba, alhamdu lillahi. Tana Maiyama yanzu da iyalinta. Amma jikin bai dawo ba, kuma har yau cin tsuntsu take yi, kowace haihuwa sai mun fid da rai. Na sa ta a addu'a a kowace sujada, ban fasa ba, sai dai na daina sa ran ganin kumatun nan da idona.

In zan je wurinta nakan yi dambu da zogale, wanda take so tana ƙarama. Takan karɓa da hannu biyu, ta ce, "Sannu da wahala, Inna, sai an jima in ci." Ta rufe kwanon ta kai ɗaki. Washegari ta dawo mini da shi a wanke.

Awakinta kuwa, tubarkalla, duk unguwar babu masu ƙibarsu.