Farin Bijimin Kawu

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo Safana kaina a kumbure, ina ganin babu matsalar da waya ba za ta warware ba. A lokacin satar shanu ta addabi ƙauyukanmu. Idan jami'an tsaro suka ƙwato dabbobi daga daji, sai a tara su a fili a ce masu su su zo, kuma a nan rigima take tashi, don saniya ɗaya sai ta samu iyayengiji uku.

Sai na haɗa wata 'yar manhaja. Mutum zai ɗauki hoton dabbarsa tare da shi a tsaye, ya nuna tsagar kunne da yanayin ƙaho, a adana. Ban fara ginin daga tushe ba. Akwai wani tsari da masu rubuta manhaja daga ƙasashe daban-daban suka yi gayya suka gina, suka bar shi kyauta, rubutunsa a buɗe ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Da shi, rubutu ɗaya za ka yi ya hau kowace irin babbar waya, ya hau kwamfuta. Wannan abu ya burge ni ƙwarai, har na zama kamar mai tallar magani a kasuwa, duk wanda na tare sai ya ji.

Mutum na farko da na nufa shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, a Zakka. Yana da bijimai biyu na huɗa, fari da baƙi, amma farin ne ɗan gaban goshinsa. Da hannunsa yake ba shi dusa da kanwa, matarsa ma tana tsokanarsa wai bijimin ya fi ta samun sannu da zuwa.

Bayan mun gaisa na zuba masa bayani, har na kai inda nake alfahari da shi, na ce ai abin a buɗe yake, kowa a duniya yana iya ganin cikinsa.

Kawu ya ajiye goron da yake shirin ɓarawa. "Kowa? Har mutanen daji?"

Na ce, "A'a Kawu, yadda aka ƙera shi ne a buɗe. Kamar rumbu ne, kowa ya san yadda ake gina shi, amma hatsin da ke ciki naku ne ku kaɗai."

"To ai wanda ya san yadda aka gina rumbu, shi ya san inda zai fasa," in ji shi. "Kai ɗan nan, garin ga ko tuwo ka ci da nama sai labari ya kai daji. Mi zai sa in kai masu hoton bijimina da kaina? Kada ka kuskura ka ɗauka."

Na so in ce masa yawan idanun da ke duba rubutun shi ke sa a gano ɓaraka a toshe, amma mutumin da masu kai rahoto suka hana barci ba ya son jin zancen yawan idanu. Bijimin yana tsaye a turke yana tuƙa, wayar tana aljihuna, Kawu kuma ya shiga cikin gida ɗauko mini fura. Na bi maganarsa ban ɗauki hoton ba, domin a kan haka aka tarbiyyantar da mu.

Da damina ta kankama, ɓarayi suka same shi a gona da hantsi, suka kwance bijiman daga garma suka kora. Shi dai Allah ya tsare ransa. Baƙin bijimin kam ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan kaka aka ce an kawo wasu shanu Safana. Na ɗauko Kawu a babur. Tun daga nesa ya hango farin, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Sai dai wani dattijo daga wajen Runka ya riga mu, shi ma ya rantse nasa ne, kuma ya zo da shaidu. Ban ga alamar maƙaryaci a fuskarsa ba, farin bijimi ba ɗaya ba ne a ƙasar nan. Masu rabon suka ce Kawu ya kawo hujja. Ya kira dabbar da irin kiran da ya saba, amma wahalar daji ta sa ko kai ba ta ɗaga ba.

Sai ya juyo gare ni a gaban mutane, ya ce, "Nuna masu a wayar taka."

Na ce, "Kawu, ai kun hana."

Ya daɗe yana kallona. Har yau idan na tuna wannan kallo zuciyata takan yi nauyi, kuma ban taɓa yin nadamar biyayya irin ta ranar ba.

A hankali ya ce, "Na zaci ka ɗauka a ɓoye. Yaran yanzu ai ba ku jin magana."